Karatun Likitan Fiɗar Baki da Muƙamuƙi: Matakan da Ake Bi Bayan Makarantar Likitan Haƙori

Likitan haƙori shi ne wanda ke duba haƙora da dasashi. Yakan cike kogon haƙori, ya cire wanda ya lalace, ya sa na roba a gurbinsa. Amma akwai larurorin baki da suka wuce aikinsa na yau da kullum: muƙamuƙin da ya karye, ƙarin da ya ci ƙashi, leɓen da aka haifi jariri da shi a tsage, da fuskar da cutar noma ta ɓata. Waɗannan duka aikin likitan fiɗar baki da muƙamuƙi ne. Fiɗa ita ce abin da wasu ke kira tiyata.

Babu wanda ke zama irin wannan likita da takardar jami'a kaɗai. Bayan ya gama jami'a, sai ya koma wani babban asibitin koyarwa, ya yi shekara 4 zuwa 6 yana koyon fiɗa a hannun manyan malamai. Wannan shi ake kira karatun ƙwarewa. Wannan bayani na iyaye ne da ɗalibai na gundumar Gure da kewayenta, domin su san matakan wannan karatu, da shekarun da yake ci, da abin da ya kamata a yanke shawara a kansa tun da wuri.

Mine ne aikin wannan likita?

Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuwa yana da haƙoran nono 20. Haƙoran suna kafe ne a cikin ƙasusuwa biyu, muƙamuƙin sama da na ƙasa. Ta baki ake ci, ake sha, ake magana, kuma hanyar numfashi tana bayansa. Saboda haka ciwon da ya taɓa wannan wuri yana taɓa rayuwar mutum gaba ɗaya. Ga manyan ayyukan likitan fiɗar baki:

1. Cire haƙorin da ya maƙale cikin ƙashi. Yawanci turmin ƙarshe ne na can ƙuryar baki, wanda kan fito bayan shekara 17. Idan bai samu wuri ba sai ya kwanta a karkace, kuma sai an tsaga dasashi kafin a fitar da shi.

2. Ɗorin muƙamuƙi. Haɗarin moto, da faɗuwa daga bisa, da harbin dabba sukan karya shi. Likita yakan ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya har mako 4 zuwa 6, ko kuma ya haɗa ƙashin da ƙananan ƙarafa da sukurori.

3. Fitar da mugunya. Ruɓaɓɓen haƙori yakan tara mugunya ta gangara ƙarƙashin harshe da wuya. Idan kumburin ya toshe hanyar numfashi, mutum yana iya rasa ransa cikin ƴan kwanaki.

4. Cire ƙari. Akwai ƙarin da ke girma a hankali cikin ƙashin muƙamuƙi ba tare da zafi ba, har ya karkatar da fuska. Akwai kuma sankarar baki da ta harshe.

5. Ɗinke tsagaggen leɓe da tsagaggiyar ganɗa ga jarirai.

6. Gyaran fuska bayan cutar noma, da buɗe bakin da ya kulle.

Don mi yankinmu ke buƙatarsa?

Gure tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Daga Damagaram zuwa Yamai kuwa akwai kusan kilomita 900. Majinyacin da ya fito daga Kelle, ko Bune, ko Gidigir yakan fara da ɗakin shan magani na kusa. Daga nan a tura shi asibitin gunduma a Gure, sannan babban asibitin ƙasa na Damagaram. Idan aikin ya yi nauyi sai Yamai. Ƙwararrun fiɗar baki da fuska kaɗan ne a Nijar, kuma mafi yawansu suna babban birni. Tafiyar da ta haura kilomita 1,000 ba ƙaramin abu ba ce ga manomi ko makiyayi, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga gona da dabbobi da aka baro.

Cutar noma ita ce ta fi bayyana wannan buƙata. Sunan da likitoci suka ba ta ke nan, ba ta da alaƙa da noman gona. Tana kama yara, musamman masu shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, ko waɗanda ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki. Cikin ƴan kwanaki sai kunci ya kumbura, naman ya mutu, rami ya buɗe a fuska. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma kusan 9 cikin 10 suna mutuwa idan ba a yi magani ba. A ranar 15 ga Disamba 2023 hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

Jihar Damagaram tana cikin wuraren da aka fi nazarin wannan cuta. A 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizaland ta fara aikin kula da yara masu noma a birnin Damagaram. Tsakanin 2001 da 2006 likitoci daga Janeba sun yi bincike a jihar kan yara 82 da cutar ta kama. Sun gano cewa tamowa mai tsanani, da gudawa ko ciwon ƙirji na kwanan nan, suna cikin abubuwan da ke share wa cutar hanya. A Sakkwato kuma an buɗe asibitin yara masu noma a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa masa a 2014.

Yaron da ya tsira daga noma yakan rayu da rami a kunci, ko bakin da ba ya buɗuwa. Gyaransa yakan ɗauki fiɗa fiye da ɗaya. Shekaru da yawa, babban ɓangare na wannan aiki ya dogara ga likitoci baƙi masu zuwa na ɗan lokaci su koma, ko kuma a ɗauki yaro zuwa Turai. Ƙwararre ɗan ƙasa, mai jin Hausa da Barbarci, mai zama tare da jama'a shekara da shekaru, shi ne zai bi majinyaci tun daga farkon aiki har warkewa.

Taƙaitaccen tarihin wannan sana'a

Sana'ar ta daɗe. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajejen 1013, ya zana kayan cire haƙori a littafinsa Attasrif, ya kuma bayyana yadda ake ɗaure haƙoran da ke girgiɗi da wayar zinariya ko azurfa. A 1728 wani Bafaranshe mai suna Pierre Fauchard ya wallafa littafin da ake ɗauka a matsayin tushen likitancin haƙori na zamani. Makarantar likitan haƙori ta farko an buɗe ta ne a birnin Baltimo na Amurka a 1840.

Fiɗar fuska ta bunƙasa ne a Yaƙin Duniya na Farko, tsakanin 1914 da 1918, lokacin da dubban sojoji suka dawo da fuskoki a farfashe. Likitocin fiɗa irin su Harold Gillies a Ingila da Hippolyte Morestin a Faransa sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da likitocin haƙori. Tun daga wancan zamani sana'ar take tsaye tsakanin gida biyu, gidan likitan haƙori da gidan likitan jiki. Wannan ne dalilin da ya sa hanyar shigarta ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Mataki na farko: daga lakwal zuwa Bak

A Nijar yaro yana yin shekara 6 a firamare, shekara 4 a kwaleji har ya samu takardar BEPC, sannan shekara 3 a lise har ya samu Bak. Jimla shekara 13 ke nan. Wanda ke son aikin likita dole ya bi sashen kimiyya a lise, wato sashen D ko C, inda ake ƙarfafa ilimin halittu, da lissafi, da kimiyyar sinadarai. Samun Bak kaɗai ba ya isa. Makarantun likita suna zaɓen masu maki mai kyau ne, domin masu nema sun fi guraben yawa.

Mataki na biyu: makarantar likitan haƙori

Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi duk suna da sashen horar da likitoci. Amma mafi yawan likitocin haƙoran Nijar a waje suka yi karatu. Daga cikin wuraren da aka sani akwai Jami'ar Shaihu Anta Jop ta Dakar, da jami'o'in Abijan da Bamako, da Kasabalanka da Rabat a Maroko, da Monastir a Tunisiya. Hukumar ANAB ita ce ke kula da tallafin karatu na gwamnati ga ɗalibai, na gida da na waje.

Karatun yakan ɗauki shekara 6. Shekarun farko na ilimin jikin ɗan Adam ne. Daga nan ɗalibi ya koyi aiki a kan haƙoran roba, kafin a ba shi majinyaci a gaban malami. A ƙarshe sai ya rubuta kundin bincike, ya kare shi a gaban malamai, a ba shi laƙabin dakta.

Mataki na uku: rajista da aiki

Sabon likita yakan yi rajista da hukumar da ke ba likitocin haƙori izinin aiki. Wanda ya yi karatu a waje sai an tantance takardarsa. A nan ne amfanin majalisar CAMES yake, wadda aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Ita ce ke tabbatar da darajar takardun jami'o'i tsakanin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Kafin a biya kuɗin kowace makaranta, musamman mai zaman kanta, ya kamata a bincika ko an amince da takardarta.

Da yawa sukan yi hidimar ƙasa ta shekara 2 a wani asibiti. Waɗannan shekaru suna da daraja ga mai niyyar ƙwarewa. A cikinsu hannu ke faɗawa, kuma a cikinsu ne mutum ke gane ko zai jure ganin jini da tsayuwar sa'o'i a ɗakin fiɗa.

Mataki na huɗu: zaɓen ƙofa

Wannan shi ne wurin da ɗalibai da yawa kan yi kuskure, don haka a karanta shi da natsuwa.

A tsarin ƙasashe masu amfani da Faransanci akwai ƙofa biyu. Takardar ƙwarewa a wannan tsari ana kiranta DES.

Ƙofa ta farko ita ce fiɗar baki. Likitan haƙori ne ke shigarta, kuma tana ɗaukar kimanin shekara 4. Dakar tana cikin wuraren da ake yin ta. A Faransa an kafa irin wannan takarda a 2011, ta shekara 4, ana karɓar likitocin haƙori da na jiki. Wanda ya bi wannan ƙofa aikinsa galibi yana cikin baki ne da ƙashin da ke riƙe da haƙora: haƙoran da suka maƙale, da ƙananan ƙari, da mugunya, da dashen haƙori.

Ƙofa ta biyu ita ce fiɗar muƙamuƙi da fuska. A wannan tsari, ƙofar likitan jiki ce. Sai mutum ya yi shekara 7 zuwa 8 a makarantar likita, sannan ya ƙara shekara 4 zuwa 5 na ƙwarewa, misali a Abijan ko Wagadugu. Manyan ayyuka, irin su cire babban ƙari da sake gina fuska, yawanci a hannun waɗannan suke.

A Nijeriya kuwa tsarin daban ne. Can likitan haƙori ne ke zama likitan fiɗar baki da muƙamuƙi da fuska. Makarantar likitan haƙori ta farko a ƙasar an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966, kuma a Arewa akwai irinta a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri. Ɗalibi yakan yi shekara 6, ya yi shekara 1 ta aikin gwaji a asibiti, ɗan ƙasa kuma ya yi shekara 1 ta bautar ƙasa. Daga nan ya zauna jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta ƙungiya ce da aka kafa a 1960. Idan ya ci, sai ya nemi gurbi a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Horon kashi biyu ne, ƙarami da babba, kowane da jarrabawarsa, kuma duka yakan kai shekara 6.

Kano ta fi Yamai kusa da Gure. Amma ɗan Nijar da ke son bin tsarin Nijeriya sai ya iya Ingilishi sosai, kuma sai ya samu izinin hukumar likitoci da likitocin haƙori ta can, wadda kan yi wa masu takardar waje jarrabawa.

A Amurka likitan haƙori ne ke shiga, ya yi shekara 4 zuwa 6. A Ingila kuwa sai mutum ya mallaki takardu biyu, ta likitan haƙori da ta likitan jiki.

Abin lura: ɗalibin da burinsa shi ne gyaran fuskar yara masu noma, kuma zai yi karatu da Faransanci, ya yi tunani tun ranar da ya samu Bak. Idan ya shiga makarantar likitan haƙori, ƙofar farko ce a gabansa. Idan ƙofa ta biyu yake so, makarantar likitan jiki ce hanyarsa.

Yadda ake samun gurbi

Guraben ƙwarewa kaɗan ne, domin malami ɗaya ba zai iya koya wa mutane da yawa fiɗa a lokaci guda ba. Yawanci ana buƙatar waɗannan abubuwa:

1. Takardar dakta, da takardun makin kowace shekara.
2. Shaidar rajista da hukumar likitoci.
3. Takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa.
4. Wasiƙar neman shiga, da wasiƙar shaida daga malami ko shugaban asibiti.
5. Shaidar wanda zai ɗauki nauyin karatun.
6. Cin jarrabawar shiga, a rubuce ko da baki.

Sharuɗɗa sukan canza daga jami'a zuwa jami'a, kuma daga shekara zuwa shekara. Saboda haka a nemi sanarwar shekarar daga makarantar kanta. Faɗuwa a karon farko ba abin kunya ba ne. Likitoci da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke samu.

Abin da ake koyo

Mai karatun ƙwarewa ɗalibi ne kuma ma'aikaci. Da safe yana zagayen majinyata tare da malamansa. Da hantsi yana ɗakin fiɗa ko ɗakin duba marasa lafiya. Da yamma akwai darasi. Wasu darare kuma a asibiti yake kwana, yana jiran waɗanda haɗari ya rutsa da su.

A shekarar farko yana zurfafa sanin sassan kai da wuya: inda kowace jijiya ta bi, da inda wuƙa ba ta taɓawa. Yana koyon tsabtace kayan aiki, da allurar kashe zafi, da ɗinki, da karanta hoton ƙashi, wanda a asibitocinmu ake ce wa radiyo. Yakan kuma zaga wasu sassa, kamar sashen sa barci, da na fiɗar jiki, da na kunne da hanci da maƙogwaro.

A shekarun tsakiya yana riƙe wa malami kayan aiki a manyan ayyuka, yana yin ƙanana da kansa. Kowane aikin da ya gani, ko ya taimaka, ko ya yi, sai ya rubuta shi cikin littafin shaida, malami ya sa hannu. Idan adadin ayyukan bai cika ba, ba a barinsa ya zauna jarrabawa.

A shekarar ƙarshe yana jagorantar fiɗa, malami na tsaye a gefe. Yana koyar da na bayansa, yana kuma rubuta kundin bincike. Ɗan yankinmu yana iya zaɓen batun da ya shafi gida, kamar noma ko karayar muƙamuƙi a haɗarin moto.

Ban da ilimi, sana'ar tana son hannu marar rawa, da ido mai kyau, da jimirin tsayuwa, da tausayi. Mutumin da fuskarsa ta lalace yakan ɓuya daga jama'a, kuma yana buƙatar likitan da zai saurare shi.

Kuɗi da ɗawainiya

A tsarin DES, baƙon ɗalibi yakan biya kuɗin makaranta kowace shekara, kuma sau da yawa ba shi da albashi daga asibitin da yake koyo. Ga kuɗin haya, da abinci, da littattafai, a birane masu tsada irin su Dakar da Abijan. Hanyoyin samun tallafi su ne:

1. Ma'aikacin gwamnati, bayan wasu shekaru na aiki, yana iya neman izinin tafiya ƙarin karatu, albashinsa na ci gaba.
2. Tallafin karatu na gwamnati ko na ƙasashe abokan hulɗa.
3. Ƙungiyoyin agaji masu aikin lafiya, waɗanda kan sa sharaɗin a dawo a yi masu aiki.
4. Taimakon dangi, da abin da likitan ya tara da kansa.

A Nijeriya wanda asibiti ya ɗauka a gurbin ƙwarewa ma'aikaci ne mai albashi. Baƙo kuwa yawanci sai ya zo da mai ɗaukar nauyinsa.

Lissafin shekaru

Firamare, kwaleji da lise: shekara 13.
Makarantar likitan haƙori: shekara 6.
Hidimar ƙasa ko aiki: shekara 2 ko fiye.
Karatun ƙwarewa: shekara 4 zuwa 6.
Jimla: shekara 25 zuwa 27.

Ke nan yaron da aka sa lakwal yana da shekara 7 zai zama ƙwararre yana da shekara 32 zuwa 34, idan bai maimaita aji ba. Bayan haka yana da kusan shekara 30 na aiki a gabansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Shawara ga iyaye

1. Ku sa yara lakwal da wuri, maza da mata, kada ku cire su lokacin shuka ko girbi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

2. Ko ba ku iya Faransanci ba, kuna iya duba makin yaro, ku ziyarci malaminsa, ku ba shi fitila da lokacin karatu da dare.

3. Ku adana takardun haihuwa da na makaranta a wuri mai kyau. Ku tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kan kowace takarda, domin bambancin harafi ɗaya yakan jawo jinkiri mai tsawo.

4. Idan ɗanku ya zama dakta ya ce zai koma karatu, kada ku ɗauka gudun nauyin gida yake yi. Shekarun ƙwarewa shekarun ƙunci ne, kuma abin da zai aiko gida zai ragu. Ku zauna tun da wuri ku tsara yadda za a riƙe gida kafin ya gama.

5. Ƴa mace tana iya wannan aiki kamar ɗa namiji. Mata da yawa sun fi sakin jiki da likita mace. Idan maganar aure ta taso, a yi yarjejeniya a fili da miji da danginsa cewa karatu zai ci gaba.

Shawara ga ɗalibi

1. Ka nemi likitan da ya riga ka bin hanyar, ka tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata.
2. Tun kana makaranta ka riƙa neman izinin shiga ɗakin fiɗa kana kallo.
3. Ka koyi Ingilishi, domin yawancin sababbin littattafan fiɗa da shi ake rubuta su.
4. Ka sani cewa ƙwararre ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar ɗakin fiɗa, da mai sa barci, da jini, da wutar lantarki. Saboda haka wurin aikinka zai kasance babban asibiti ne, kamar na Damagaram. Daga can kana iya kai ziyarar aiki Gure, kana horar da ma'aikatan ƙauyuka su gane cuta da wuri.

Alamomin da ba a jira da su

Kafin yankinmu ya samu isassun ƙwararru, saurin zuwa asibiti shi ne babban makami. A kai majinyaci ɗakin shan magani a ranar, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Yaro mai gyambo a dasashi, da jini, da warin baki, musamman idan yana da tamowa ko ya tashi daga ƙyanda.
2. Kumburin kunci ko leɓe ga yaro, tare da zazzaɓi da dalalar miyau.
3. Kumburi ƙarƙashin haɓa mai hana haɗiya ko numfashi.
4. Haƙoran sama da na ƙasa sun daina haɗuwa daidai bayan faɗuwa ko haɗari.
5. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori.

Gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, da ƙullutun da ke girma a muƙamuƙi ko da ba ya zafi, su ma a nuna wa likita ba da jinkiri ba. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe a kai shi tun yana ƙarami. Ana gyara shi, kuma asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana cikin wuraren da ke yin wannan aiki.

Noma tana jin magani idan an tare ta a farko. Maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun ma'aikacin lafiya, da wanke baki da ruwan gishiri mai tsabta, da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita kafin ta huda kunci. Kada a ƙona wurin, kada a tsaga shi, kada a tsaya gwada magungunan kasuwa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. A kai yara rigakafin ƙyanda, a shayar da jariri nono zalla har wata 6, a koya wa yara asuwaki ko buroshi safe da dare. Mai hawa moto kuma ya sa hular kwano.

Kammalawa

Hanyar zama likitan fiɗar baki da muƙamuƙi doguwa ce, amma matakanta sanannu ne: Bak na kimiyya, makarantar likita, rajista da aiki, sannan karatun ƙwarewa. Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci a tuna. A zaɓi ƙofar da ta dace da buri tun daga farko. A tabbatar da darajar takardar makaranta kafin a biya kuɗi. A kuma tsara ɗawainiyar shekarun ƙwarewa tare da iyali. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi shugaban lise na garinsa, ko likitan haƙori na asibitin da ke kusa da shi, ko ofishin ANAB.